Neman Wanda Ya Kashe Tiransisto: Kundin Gyaran Na'urar Ba da Wuta ta Teburina

Asabar, 1 ga Fabrairu, 2025

Yau na'urar ba da wuta ta teburina ta yi mini ɓarna. Ina gwada wani ɗan allo da na shafe mako uku ina haɗawa, mai sarrafa dogon zaren fitilun LED. Na saita ta a bolt 5, zaren yana jan kusan amp 3, komai yana tafiya lafiya lau har wajen minti arba'in. Kwatsam sai fitilun suka yi wani fari fat mai kashe ido, na ji tas, sai ƙauri. Kafin hannuna ya kai ga makunni, idona ya sauka a kan fuskar na'urar: lambar da ke nuna 5.0 ta haura 40.

Allon ya tafi, zaren ma ya tafi. Na zauna na yi shiru na ɗan lokaci, don ya yi mini ciwo sosai.

Da na huce na cire komai daga bakinta, na sake kunna ta na ɗan daƙiƙu da maltimita, wato mitar auna wuta, a jone. Bolt 44, kuma duk yadda na murɗa maɓallin boltej, hagu ko dama, ko gezau. Na kashe, na zare filogi. Ba zan buɗe ta yau ba, raina a ɓace yake, kuma mai ɓacin rai bai kamata ya sa hannu cikin abin da ke da wutar gida ba.

Ga mai son sanin irinta: tsohon yayi ce, mai nauyi, mai babbar taransfoma, wadda ke ba da bolt 0 zuwa 30 da amp 0 zuwa 3. Ta fi shekara goma a hannuna. Zan iya sayen sabuwa, amma irin waɗannan an yi su ne da kayan da mutum zai iya gani, ya gwada, ya canza, kuma wutarsu tana da tsabta fiye da ta ƙananan nan marasa nauyi masu tsinka wuta dubban sau a daƙiƙa. Ba zan yar da ita ba.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na buɗe ta. Kafin in taɓa komai na sa mita a kan manyan kafasito guda biyu, kowane 4700µF mai jure bolt 63. Duk da ta kwana a kashe akwai sauran wuta a cikinsu. Na ɗaura rizista mai om 1000, wat 5, a wayoyi biyu masu bakin kada, na maƙala musu, na jira har mita ta nuna ƙasa da bolt ɗaya. Idan suna cike a bolt 44, waɗannan biyun suna riƙe da kusan jul 9. Wannan ya isa ya ci bakin sukundireba ya watsa wa mutum tartsatsi a ido, shi ya sa ba na yarda da masu sauke kafasito ta hanyar haɗe ƙafafunsa da ƙarfe. Da rizista, cikin minti guda an gama, babu tartsatsi babu fargaba.

Na ɗauki hoton kowane lungu da waya kafin in cire ko waya ɗaya. Sannan na zauna da takarda da fensir na bi hanyar wuta tun daga filogi: fiyus, makunni, taransfoma, rile guda ɗaya (makunni ne da wuta ke kunnawa da kashewa), gadar dayod mai miƙe wuta, manyan kafasito masu tara ta, sai tiransisto biyu 2N3055 a kan farantin shan zafi na baya, kowane da rizista mai om 0.22 a ƙafar emita, sai wani rizista mai om 0.1 da ake auna karant da shi, sai bakin fita.

Bolt 44 ɗin da na gani jiya ba baƙuwar lamba ba ce. Babban bakin taransfoma yana ba da bolt 32. Idan aka ninka da 1.414 aka cire abin da dayod biyu ke ci, abin da ya rage shi ne 44 ɗin. Wato ɗanyar wutar kafasito ce take fitowa kai tsaye, babu mai tare ta. Mai taron ƙofar kuwa su ne 2N3055.

Na kwance ƙafafunsu, wato bes da emita da kalekta, na gwada da mita a wurin gwajin dayod. Na dama lafiya: bes zuwa emita 0.55, bes zuwa kalekta 0.54, ta ɗaya hannun a rufe. Na hagu kuwa ko ta ina na taɓa sai mita ta yi ƙara. Ya narke daga ciki, ƙafafunsa uku sun zama waya ɗaya. Rizistansa na emita ya tsage ta tsakiya, farar jikinsa ta yi launin toka, dalmar ƙafarsa ta yi duhu.

Wani abu da na lura da shi lokacin kwancewa: ɗaya daga cikin noti biyu da suka riƙe mataccen tiransiston ya yi sako-sako, da yatsa ma na warware shi. Farin man da ake shafawa tsakanin tiransisto da faranti ya bushe ya zama kamar alli, yana zuba gari-gari. Na rubuta wannan a gefe.

Talata, 4 ga Fabrairu

Na yi odar 2N3055 guda huɗu ta intanet daga wani mai sayarwa da farashinsa ya yi sauƙi. Kafin su iso na haɗa abin da na daɗe ina cewa zan haɗa: kwan fitila mai zare na wat 60 a jere da wayar wutar gida, cikin ɗan akwatin roba mai soket. Idan na'urar da aka jona lafiya take, kwan zai yi haske na ɗan lokaci yayin da kafasito ke cika, sai ya dushe. Idan akwai shot a ciki, wato layukan wuta sun haɗe kai tsaye, zai tsaya da haske, kuma shi ne zai shanye wutar a madadin kayan da ake gyarawa. Kwan LED ko na gas ba ya yin wannan aiki, dole sai mai zare.

Na kunna ta haka, babu manyan tiransisto a ciki. Kwan ya yi wal ya dushe. Taransfoma da gadar dayod da kafasito ba su da laifi ke nan.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Daren jiya na sha wuya a banza, kuma ina ganin ya dace in rubuta don kada wani ya sha irinta.

Ina son tabbatar da cewa sashen sarrafawa bai mutu ba. Akwai LM324 a kan allon, wato ƙananan amfilifaya huɗu a jiki ɗaya, da TL431 mai ba da ma'aunin bolt 2.5, da TIP41C mai tura manyan tiransisto. Na maƙala baƙar wayar mita a baƙin bakin fita, kamar yadda kowa zai yi, na fara bin ƙafafun LM324. Lambobin da na samu ba su da kai ba su da gindi. Ƙafar da ya kamata ta nuna wutar ciyarwa tana yawo, TL431 yana nuna abin da ba zai yiwu ba. Har na fara tunanin duk allon ya ƙone.

Sai da na koma kan zanen da na yi da fensir, na bi sawun tagulla ɗaya bayan ɗaya da tocila ta bayan allon, sannan na gano bakin zaren. Taransfomar tana da wani ƙaramin naɗi dabam da ke ciyar da sashen sarrafawa da +12 da −12, kuma tsakiyar wannan wutar ba a baƙin baki take ba, a jan baki take. Duk sashen sarrafawa yana zaune ne a kan jan bakin fita, yana hawa da sauka tare da shi. Dabara ce mai kyau: LM324 ba ya jure fiye da bolt 32, amma da wannan tsari ba ya taɓa ganin 44 ɗin nan, aikinsa kawai ya ɗaga bes sama da emita da ɗan abin da bai kai bolt biyu ba.

Na mayar da baƙar wayar mita kan jan baki. Nan take komai ya zauna: +12.1, −11.9, TL431 yana 2.49. Wannan tsari ne ma, a fahimtata, ya ceci LM324 da TIP41C ranar Asabar. Lokacin da bakin fita ya yi tsalle zuwa 44, su ma tare suka tashi, don haka bambancin da suka gani kaɗan ne.

Wanda zai sa osiloskop, mai zana siffar wuta a fuskarsa, a irin wannan na'ura ya kula. Bakin kadan osiloskop a haɗe yake da wayar ƙasa ta wutar gida. Idan ka maƙala shi a jan baki alhali baƙin baki ma yana haɗe da ƙasa ta wata hanya, ka yi shot da hannunka.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Tiransisto sun iso, kuma tun daga riƙewa hankalina bai kwanta da su ba. Sun fi tsohon rashin nauyi. Gindinsu siriri ne, rubutun kansu ya yi ƙyalli da yawa, kuma da na goga auduga mai asiton sai ya fita tas. A gwajin mita duk huɗun sun nuna lafiya, amma mita ba ta tura ko da milli-amp biyu, ba za ta gaya maka abin da zai faru a amp 3 ba.

Na ɗaure ɗaya a bais, na yanke hularsa da ƙaramin zarto a hankali, na zagaye. Na yi wa mataccen tsohon haka shi ma, na ajiye su gefe da gefe ƙarƙashin gilashin ƙara girma. A cikin tsohon akwai ƙwayar silikon mai faɗi, zaune a kan wani ɗan dandamali na tagulla, da wayoyi masu kauri zuwa ƙafafu. A gefe ɗaya na ƙwayar ga wani baƙin ɗigo, ƙanƙani kamar kan allura, inda ta narke. A cikin sabon kuwa wata 'yar ƙwaya ce da ba ta kai rabin faɗin tsohuwar ba, manne a kan ƙarfen gindi kai tsaye, an lulluɓe ta da farin danƙo, wayoyinta kamar gashi. Jabu ne. An ɗauki ƙaramin tiransisto an sa masa rigar babba.

Abin ya ba ni haushi ƙwarai, ba don kuɗin ba. Da na saka su, da sun yi aiki a ƙaramin lodi, da na rufe akwati ina murna, wata rana su narke su sake tura bolt 44 cikin wani aikin nawa. Mai sayar da irin wannan kaya wuta yake sayarwa. Na sake oda daga dillalin da ke karɓar kaya kai tsaye daga masana'anta, zai ɗauki mako guda ko fiye.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Jiran nan ya yi mini amfani, domin ya tilasta mini zama da tambayar da nake ta kauce wa. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan tiransiston ya yi shekara goma yana aiki, me ya kashe shi ranar Asabar? Idan na canza shi ban san dalili ba, sabon ma layi ɗaya zai bi.

Na ɗauko takardar bayanin 2N3055. Kamfanin RCA ne ya fito da shi a farkon shekarun 1960, kuma har yau ana yin sa: amp 15, bolt 60, wat 115. Amma wat 115 ɗin nan sai idan jikinsa yana digiri 25, abin da ba ya faruwa a cikin akwati. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru ana rage kusan wat 0.66. Idan jikinsa ya kai digiri 90, abin da zai iya ɗauka bai wuce wat 72 ba. Akwai kuma iyaka ta biyu wadda ta fi wannan haɗari: idan boltej tsakanin kalekta da emita ya yi yawa, karant ba ya bazuwa daidai a kan ƙwayar, sai ya taru a wuri guda, wurin ya ƙara zafi, zafin ya ƙara jawo karant, har ya huda. Takardar ta ce a bolt 40, amp 2.87 ne iyaka, shi ma na daƙiƙa ɗaya. Baƙin ɗigon da na gani jiya shi ne sawun wannan.

To amma lissafin bai kamata ya kai can ba. Aikin rile shi ne ya zaɓi bakin taransfoma: idan ana son ƙasa da bolt 12 ya ɗauki ƙaramin baki mai bolt 16, idan an haura ya koma babba mai 32. A ƙaramin baki, kafasito suna wajen bolt 19 a ƙarƙashin lodi. Cire 5, saura 14, sau amp 3, wat 42, a raba biyu kowane ya ɗauki 21. Wasa ne a wurinsu, ko da man ya bushe.

Ina cikin wannan lissafi sai abu ya faɗo mini a rai. Ranar Asabar maɓallin yana kan bolt 5. Da na sake kunnawa na ga 44, na ɗauka don fitar ta hau ne rile ya bi ta. Amma yaushe rabon da in ji ƙarar rile a tsakiyar murɗawa? Da can duk lokacin da na wuce bolt 12 sai na ji ƙyas, in na dawo ƙasa in sake ji. Na yi ta tunani, na kasa tuna ranar ƙarshe da na ji ta. Watanni ne. Kunnena ya saba da shirun, ban taɓa tambaya ba.

Na kunna ta da kwan fitila, maɓalli a sifili, babu manyan tiransisto. Ƙyas, rile ya kama tun daga kunnawa. Mita a kan kafasito ta haura 40. A sifili ma babban baki yake ɗauka.

Sabon lissafi: kusan bolt 40 a ƙarƙashin lodi, cire 5, saura 35, sau 3, wat 105. Kowane tiransisto fiye da wat 50, ninki biyu da rabi na abin da ya kamata, na tsawon minti arba'in. Ga na hagu da noti sako-sako da busasshen mai, zafinsa ba ya samun hanyar fita. Tiransisto kuma in ya fi ɗan'uwansa zafi sai ya fi shi jan karant, domin boltej ɗin da bes ke buƙata yana raguwa da kusan milli-bolt 2 a kowane digiri. Rizistan emita suna rage wannan rashin adalci amma ba sa kawar da shi. Haka na hagu ya yi ta ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsa har ya faɗi.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na bi sawun rile. Farko na zargi bakinsa, ko ya manne saboda tartsatsi. Ba haka ba ne: idan aka kashe wuta yana saki, mita ta tabbatar. Naɗinsa ne ke samun bolt 12 kullum.

Na haɗa emitar TIP41C da bakin fita na wucin gadi, da rizista mai om 1000 a matsayin lodi, don sashen sarrafawa ya samu abin sarrafawa. Boltej ya bi maɓalli daga sifili zuwa 30, abin da ya faranta mini rai ƙwarai. Ƙafar LM324 mai ba rile umarni tana hawa idan fitar ta kai wajen bolt 12.5, tana sauka idan ta dawo wajen 11.5. Wato mai ba da umarni yana magana, ba a jin sa ne. Tsakaninsa da rile akwai ƙaramin tiransisto S8050. Na cire shi: kalekta da emita a haɗe.

Na sake yin tambayar nan, shi kuma me ya kashe shi? A gefen naɗin rile akwai ɗan dayod na gilashi, 1N4148, wanda aikinsa shi ne ya shanye bugun da naɗi ke mayarwa duk lokacin da aka yanke masa wuta. A ido lafiya yake. Da na taɓa shi da bakin hantsaki sai ya rabe biyu. Gilashin ya daɗe da tsagewa, an lanƙwasa ƙafarsa dab da jiki tun daga masana'anta, zafi da sanyi na shekaru suka ƙarasa shi. Babu dayod, duk sakin rile sai bugu ya sauka a kan S8050, wanda bolt 25 kawai yake jurewa. Ya jure iya jurewarsa ya mutu a haɗe, rile ya maƙale a babban baki, manyan tiransisto suka shiga wahala a ɓoye, ni kuma ina ta aiki ban sani ba saboda yawancin ayyukana ba sa jan ko rabin amp.

Na ɗora rabin dayod ɗin a kan yatsana na daɗe ina kallonsa. Bai kai kan ashana ba.

Na sa 1N4007 a gurbinsa, na bar wa ƙafafunsa sarari kafin lanƙwasa. S8050 ba ni da shi, sai na sa BC337, wanda ke jure bolt 45. A kula: jerin ƙafafunsu a juye yake, S8050 emita, bes, kalekta, shi kuwa BC337 kalekta, bes, emita, don haka sai an juya fuskarsa. Na kunna, na murɗa a hankali. A 12.5, ƙyas. Na dawo, a 11.5, ƙyas. Na yi ta kai da komo kusan sau goma ina saurare.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Babu abin yi sai shara. Na goge farantin shan zafi da sifirit har ya yi sumul, na wanke fanka, na sake narka dalmar duk wata ƙafa mai ɗaukar karant mai yawa. Kaya ba su iso ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Tiransisto na gaskiya sun iso, kuma nauyinsu a tafin hannu kaɗai ya isa shaida. Na canza duka biyun, har da na daman da bai mutu ba, domin shi ma ya sha zafin da ba a san iyakarsa ba, kuma ina son biyun su fito daga tukunya ɗaya don su raba kaya daidai. Rizistan emita ma duka biyu sababbi.

Jikin 2N3055 shi ne kalekta, don haka dole a raba shi da faranti: sabuwar takardar maika mai hana wuta wucewa, mai kaɗan a kowane gefe, siriri kamar a ce babu, da zoben roba a ramin kowane noti. Masu lafta mai da yawa suna ɓata aikin ne, man yana cike ƙananan ramukan ƙarfe ne kawai, shi kansa bai kai ƙarfe iya ɗaukar zafi ba. Na ɗaure noti bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, na sa wosha mai tsini don kada su sake saki. Kafin in jona ko waya ɗaya na gwada tsakanin jikin kowane da faranti, a buɗe yake.

Da kwan fitila: lafiya. Ba kwan fitila: lafiya. Bolt 0 zuwa 30.6.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Na haɗa rizista uku masu om 5 a gefe da gefe, ya zama om 1.67, wanda zai ja amp 3 a bolt 5. Don in samu damar sa mita a ƙafafu, na bar farantin a kwance a wajen akwati, na ƙara wa wayoyinsa tsawo da kusan taƙi biyu. A amp 1 komai daidai. Da na haura amp 1.5 sai lambar ƙarshe ta maltimita ta fara rawa, fuskar na'urar tana nuna karant da bai yi daidai da lissafi ba, kuma ƙaramin kafasiton bakin fita, 100µF, ya yi ɗumi da na taɓa shi. Kafasito a kan wuta madaidaiciya ba shi da dalilin yin ɗumi.

Na sa osiloskop, bayan na tabbatar babu bakin da ke haɗe da ƙasa. Layin da ya kamata ya miƙe siriri ya zama wani kauri mai gashi. Da na buɗe shi sai ga igiya tana kaɗawa wajen sau dubu 400 a daƙiƙa, tsayinta kusan milli-bolt 300. Na'urar tana rera waƙa ita kaɗai, maltimita kuma ba ta iya gani, matsakaici kawai take nunawa.

Na yi zargin abu biyu. Na farko, 2N3055 na zamanin nan ba irin na farkon ba ne, an sauya yadda ake ƙera ƙwayar, sun fi na da sauri, takardar yanzu tana ba su akalla megahaz 2.5, kuma tsofaffin na'urori sukan yi irin wannan waƙa idan aka sa musu su. Amma na tsohon da na yanke ban ga alamar ya kai wancan tsufan ba. Na biyu shi ne wayoyin da ni na ƙara. Doguwar waya tana da halin naɗi, kuma idan ta bes da ta emita suka yi nesa da juna suna buɗe ƙofa ga irin wannan.

Na fara da mai sauƙi. Na yanke ƙarin, na murɗe wayar bes da ta emita tare kamar igiya, na mayar da faranti wurinsa. Waƙar ta ragu sosai amma tana leƙowa a kusa da amp 3. Na cire kafasiton 100µF na gwada: ya koma 61µF, kuma turjiyarsa ta ciki ta haura om 3. Ya bushe. Na sa sabo, na kuma ƙara rizista mai om 10 a ƙafar bes ɗin kowane tiransisto, dab da jikinsa. Layi ya miƙe siriri daga sifili har amp 3, a ƙaramin baki da babba.

Ba zan iya cewa wanne ne a cikin ukun ya fi laifi ba, tunda na canza biyu a lokaci guda, kuma hakan ya saɓa wa ƙa'idata ta canza abu ɗaya a gwada. Amma ina kyautata zaton busasshen kafasiton ya daɗe yana ajiye na'urar a bakin rami.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Gwajin juriya. Bolt 5, amp 3, awa ɗaya, wato daidai yanayin da ya kashe ta. Kafasito suna bolt 19. A kan rizistan emita na samu 0.34 da 0.32, ma'ana amp 1.55 da 1.45, rabo mai kyau. Faranti ya tsaya a digiri 47. Sannan bolt 30 a kan rizista mai om 10, wat 100, wanda na ɗaure a ƙarfe saboda wat 90 ba wasa ba ne. Daga babu lodi zuwa cikakken lodi boltej ya sauka da milli-bolt 12 kawai a bakin fita.

Wuri mafi tsanani yanzu shi ne bolt 13 a amp 3, inda rile ya riga ya koma babban baki amma fitar tana ƙasa: kusan wat 80 a faranti. A nan ya kai digiri 68 cikin rabin awa, fanka tana gudu, ya tsaya bai ƙara ba.

Na auna kaɗawar wuta a kan manyan kafasito. Lissafi ya ce wajen bolt 3.2, kuma wannan lissafin yakan ɗan zarce gaskiya. Osiloskop ya nuna 2.6. Lafiyarsu ƙalau, ba kumburi ba yoyo, don haka na bar su. Na san akwai masu cewa da ka buɗe tsohuwar na'ura ka canza duk kafasito. Ban yarda ba. A gwada, wanda ya gaza a cire. Da na bi waccan shawarar tun ranar farko, da na canza guda goma sha, na ji na yi aiki, tsagaggen dayod yana nan zaune.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Saiti. Na daidaita fuskar boltej da maltimita a bolt 25, na duba a 5 da 12, bambancin bai wuce lambar ƙarshe ba. Na karant na yi shi a amp 2. Iyakar karant tana aiki: na saita a amp 0.5, na haɗe baki da waya mai kauri, jar fitila ta kama, ta tsaya a 0.50.

Maɓallin boltej yana da wani wuri kusa da bolt 9 inda lamba ke tsalle idan ana murɗawa. A osiloskop na ga tsinin da ya kai kusan bolt 2 sama da saiti. Na fesa masa maganin wanke baki, ya yi sauƙi, amma ban amince da shi ba. Na yi odar mai zagaye goma, om dubu 10, irin na asalin.

Na kuma ƙara dayod 1N5408 daga jan baki zuwa kan manyan kafasito, a juye. Idan ana cajin batir aka kashe na'urar, wutar batir za ta bi ta cikinsa maimakon ta koma ta emitar tiransisto, wadda bolt 7 kawai take jurewa ta baya.

Asabar, 1 ga Maris

Sabon maɓalli ya shiga, sai da na ɗan faɗaɗa ramin fuska da fayil. Tsallen ya ɓace. Na rufe akwati, na liƙa takarda a cikin murfi da kwanan wata, jerin abin da na canza, da gargaɗi cewa sashen sarrafawa a kan jan baki yake zaune.

Abu ɗaya bai bar raina ba. Duk na'urar da aka gina haka, ranar da babban tiransisto ya narke, ɗanyar wuta za ta fito, kuma iyakar karant ba za ta yi komai ba tunda ita ma ta hannunsa take aiki. Don haka na fara haɗa ɗan akwatin kariya da zai zauna tsakanin na'urar da duk wani allo mai bolt 5: fiyus mai saurin yankewa, TL431 yana gadi, da tayirista, makunnin da in ya kama ba ya saki sai an yanke wuta, wadda za ta haɗe layin gaba ɗaya idan boltej ya haura 5.8, fiyus ya tsinke. Na gwada shi a kan allon gwaji da kwan mota a gurbin fiyus, ya kama a 5.83. Sai dai ya kama sau biyu ba dalili lokacin da na jona lodi, don haka yana buƙatar ƙaramin kafasito a ƙofar tayirista. Zan fara da 100nF gobe in ga.

Ƙonannen allon fitilun yana nan a gefen tebur. Na duba shi yau a karon farko tun ranar: ƙwaƙwalwar ta fashe ta sama, amma soket-soket da maɓallai za su ciru. Na kunna ƙarfen dalma na fara da na gefen hagu.